Hutun damina a bayan ɗakin Inna

Duk wanda zai kai iyali Sakkwato daga Kaduna a shekarun nan, da asuba yake tashi, don ya wuce Tsafe da Gusau da Talata Mafara rana tana sama. Ba mai son magariba ta riske shi a wannan hanya, kowa kuma ya san dalili. Haka muka yi a watan Agusta da aka ba yara dogon hutu, ni da maiɗakina da babban ɗanmu mai shekara 7 da ƙanwarsa, ga auta a cinya. Daga Funtuwa har Tureta ƙasa ta yi kore shar, gero ya tasa, Dutsen Kwatarkwashi ya sha wanka. Wanda ya san yankin nan a watan Afrilu kaɗai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai rantse ba nan ba ne. Wajen Dange yarinyar ta nuna wata bishiya tsirara a tsakiyar gona ta ce ta mutu. Na ce gawo ne, haka yake, da damina yake zubar da ganye, sai rani ya shigo ya yi sabo, shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa shuka rana.

Niyyata ita ce in nuna musu tarihi. Na kuwa yi. Mun je Hubbaren Shehu, muka cire takalma a ƙofa, muka bi ayarin mata masu ziyara, wasu daga ƙauyuka, wasu daga Nijar. Na faɗa wa yaran cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello shi ya kafa garin nan a matsayin cibiyar daula a 1809, shi kuma kabarinsa yana Wurno, sannan Nana Asma'u da ta karantar da mata tana kwance nan kusa da mahaifinta. Muka zaga ta Kanwuri suka ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi da dogarai cikin ja da kore. Sun yi shiru sun saurara, kamar yadda aka koya musu. Muna shiga mota yaron ya ce, "Baba, mu koma gida kada bushiyar ta tafi."

Gidanmu na tsohon gari ne, kuma bayan ɗakin Inna akwai ɗan fili da ba a taɓa sa masa siminti ba. Dogon yaro ɗaya, tsohuwar tsamiya, tarin itacen girki, turken jar akuya, sai rama da kuɓewa da sure da Inna ke yafawa kowace damina a gindin katanga. Yaran da suka tashi a bene, waɗanda iyakar dabbar da suka sani ita ce kyankyaso da kyanwar maƙwabta, nan suka tare.

Bushiyar, 'yar ƙanwata ce ta gano ta a ƙarƙashin itace. Ta dunƙule, ba kai ba ƙafa, sai ƙaya. Yaron ya ɗauko kara zai tsokane ta, Inna daga kan tabarma ta ce, "Kai wanga yaro, mi tay yi maka? Aje karan nan, ka zamna ka gani." Ya zauna. An daɗe, har na ɗauka zai gaji, sai ga ɗan hanci baƙi mai laima ya leƙo yana shinshina, sannan idanu, sannan ta miƙe ta yi cikin rama da wani gudu da ba ka zata ba. Tun daga ranar ba ya cin tuwon dare sai ya ɗauki tocila ya je ya duba ta. Da dare take kiwo, ƙwari da tsutsa take ci, mai lambu bai da abokiyar da ta fi ta.

Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, shinge suka fito suka rufe ƙwan lantarkin tsakar gida. Kafin a ce haka kwaɗi sun jeru a ƙasa, kowane ya tsuguna yana jira, wanda ya faɗo sai harshe ya ɗauke. Da safe fukafukai suka cika bakin rariya, ƙadangaru suka zo kalen abin da ya rage, jan gwada a gaba yana gyaɗa kai, mata na bin bayansa. Yarinyar ta tsinci ƙadandoniya ta nannaɗe a tafin hannunta, uwarta ta yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Hawainiya kuwa ni ma tun ina yaro ake tsorata ni da ita. Muka same ta a reshen kuɓewa tana taku tana fasawa, ido ɗaya na kallonmu ɗaya na kallon wani wuri. Ba ta da dafi, ƙuda da fara ne abincinta, amma Gwaggo ta ce ko a littafi na karanto ba za a shigo mata da ita ɗaki ba.

A saman tsamiya akwai sheƙar shamuwa, tarin ƙirare da ke nan tun ina firamare, ana gyarawa ana ƙarawa. Baƙa ce mai farin ciki, tana zuwa gab da faɗuwar damina daga kudancin Afirka, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a cikin gari kusa da mutane, ruwa na ɗaukewa ta koma. Mun tarar 'ya'yan sun girma, suna tsaye a bakin sheƙa suna gwada fiffike. Kashinsu ya ɓata rabin katanga da fari, ƙarni kuma ba a magana. Duk da haka ba mai jifarta. Inna ta ce ita ba ta yarda damina ta zo ba sai ta ga shamuwa, ko rediyo ya ce mi.

Kada in yi wa damina ado da yawa: sauro ma na cikin namun bayan gidan. Ana kiran magariba ake sakin gidan sauro. Ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata na damina sun zo muna nan, aka haɗa da namu biyu.

Sauran kwanakin na gaisuwa ne, kuma a Sakkwato ba a yin wannan a tsaye. Mabera gidan Yaya, Runjin Sambo gidan ƙanwar Inna, Arkilla wajen abokin mahaifina da ya tsufa har sai an faɗa masa sunan kakana kafin ya gane ni. Kowane gida a durƙusa, a yi ta lahiya lau, a kawo fura da nono a ƙwarya, a ce ba ka sha komai ba. Yaran suka koyi cire takalmi tun daga zaure ba sai an harare su ba. Na so mu kai Goronyo su ga madatsar ruwa, Kawu ya ce a bari sai hanya ta yi kyau, ban kuma yi gardama ba. Maimakon haka ya ɗauke mu zuwa Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a, inda Gulbin Rima ya cika ya shanye fadama. Ya nuna mana wurin da ambaliyar 2010 ta yanke hanya har mutane suka koma shiga jirgin ruwa. Balbelu sun yi fari a bayan shanu, masunta na jan koma, muka sayi tarwaɗa aka yi mana miya da ita da dare.

Ana jibi za mu tafi Yaya ya zo da magini. Yana so a sare tsamiya, a shimfiɗa siminti har bayan ɗaki, a huta da taɓo da sauro da kunama. Yana da gaskiyarsa, shi ke kai Inna asibiti in ta kwanta, ni ina Kaduna. Amma sauron daga kwatar layi yake tasowa, inda ruwa ke kwana, ita kuwa ba wanda ya kawo magini dominta. Na faɗi haka, ya ce mai zuwa hutu ba ya tsara wa mai gida. Inna ta bari muka gama, ta ce a sa siminti daga zaure zuwa madafa, don santsi na ba ta tsoro. "Bayan ɗaki kau, in kun rufe shi, ina zan yafa ramata? Bisa kanku?" Magini ya naɗe igiyar awonsa ya ce zai dawo bayan kaka a sake magana.