Yadda nake koyar da lissafin mol a Agege

Tun da na fara koyar da kemistiri ga yaran unguwarmu a Agege masu shirin jarrabawar WAEC, na lura babu darasin da ke sanyaya musu gwiwa kamar juya giram zuwa mol, da mol zuwa adadin ƙwayoyin zarra. Sukan haddace ƙa'idoji barkatai, amma da zarar an sauya fasalin tambaya sai lissafin ya dagule musu.

Sai na dakatar da haddar. Na nuna musu cewa mol sunan adadi ne, kamar dozin a bakin 'yan kasuwar Mile 12: dozin ɗin ƙwai da na kankana duk 12 ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, lambar da aka laƙaba wa sunan Amedeo Avogadro, masani ɗan Italiya, kuma tun 2019 a kanta aka kafa ma'anar mol. Nauyin mol ɗaya kuwa a jadawalin sinadarai ake samunsa: haidirojin giram 1, kabon 12, oksijin 16, baƙin ƙarfe kimanin 56.

Ƙa'ida ɗaya na bar musu, wato ba a zuwa daga giram zuwa ƙwayoyi, ko daga ƙwayoyi zuwa giram, sai an bi ta mol. Idan an ba ka ƙwayoyin zarra na baƙin ƙarfe 3.011 × 10²³, ka raba da lambar Avogadro ka sami rabin mol, sannan ka ninka da 56 ka sami giram 28.

Inda na fi daɗewa da su shi ne ruwa, domin a nan har masu ƙoƙari ke asarar maki. Tambayar ita ce: ƙwayoyin zarra nawa ne a cikin giram 36 na ruwa? Mol ɗaya na H₂O giram 18 ne, saboda haka giram 36 mol 2 ne, wato molekul 1.204 × 10²⁴. Wata ɗaliba ta tsaya a nan ta ce, "Malam, ai mun gama." Na ce ta sake karanta tambayar, domin ƙwayoyin zarra aka nema, kuma kowane molekul na ruwa yana da uku, biyu na haidirojin da ɗaya na oksijin, amsar ita ce 3.61 × 10²⁴. Haka nan iskar oksijin da muke shaƙa O₂ ce, wato ƙwayoyin zarra biyu a kowane molekul, saboda haka mol ɗinta giram 32 ne, ba 16 ba.

Abin ya dame ni ƙwarai da na gane cewa yawancin kuskuren ba na lissafi ba ne, na rashin rubuta ma'auni ne. Yanzu ba na karɓar aikin da aka rubuta lamba tsurarta. Dole ɗalibi ya rubuta giram, mol, molekul ko zarra a gefen kowace lamba, domin wanda ya ninka inda ya kamata ya raba yakan gano hakan da kansa idan ma'aunin amsarsa ya ƙi dacewa da abin da aka tambaya.