Na je Jos neman Roadmaster

Shekaranjiya da daddare na dawo Kano daga Jos, har yanzu akwai sauran baƙin mai a ƙarƙashin faratana. Kwana huɗu na yi, kuma babur ne ya kai ni: Honda Roadmaster, irin wanda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yake hawa zuwa makarantar da yake koyarwa. Bayan rasuwarsa babur ɗin ya yi shekaru jingine a zaure, wata rana ba na gari aka sayar wa 'yan gwangwan da shi a kan kilo. Tun daga ranar nake cigiyar irinsa. Na zaga Ƙofar Ruwa, na je Panteka a Kaduna, sai dai a nuna maka tanki a nan, salansa a can, ko gangar jiki babu inji. To a watan jiya ɗan kawuna da ke zaune a Gangare ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya ce ga wani dattijo a Dilimi yana da guda biyu, ɗaya yana tashi.

Hanya dai ita ce wadda aka sani. Kwanar Dangora, Tudun Wada, sai dajin Falgore inda kowa a mota ya yi tsit, muka ci abinci a Saminaka. Muna wuce Jengre na fara laluben rigar sanyi. Mu Kanawa muna ganin mun san hunturu, amma namu ƙura ce da bushewar leɓe. Na Jos shiga ƙashi yake yi, don garin yana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku. Da asuba matar ɗan kawuna ta ajiye mini ruwan alwala mai ɗumi a bakin ƙofa ba tare da na roƙa ba, kuma haka ta yi kullum har na taho. Da rana ta yi mana gwate da ganye, ga dankalin Turawa soyayye a gefe. Allah Ya saka mata da alheri.

Dilimi ta yi kama da Ƙofar Ruwa, sai dai ta fi matsewa, kuma ba a jan rigarka. A nan gida kana saka ƙafa a layin kayan gyara yara biyar za su yanyame ka, kowa yana cewa shagonsu ne mai na asali. A can na tambayi wani Inyamuri mai sayar da filogi inda garejin dattijon yake, ya amsa mini da Hausa tas, ya bar shagonsa a buɗe ya raka ni har lungun. Ko ruwa bai yarda na saya masa ba.

Dattijon zai haura saba'in. Na same shi a kan benci yana wanke kafireta a cikin gwangwanin fetur da tsohon buroshin haƙori. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kai ne Bakanon? Zauna tukuna, ɗana, ka sha shayi." Sai da muka yi kusan awa guda bai ambaci babur ba. Ya tambayi mahaifina, garin da ya koyar, shekarar da ya rasu. Shi ma ya ba ni labarin nasa mahaifin, wanda ya yi aikin gyaran injuna a kamfanin kuza a Bukuru, a hannunsa ya koyi riƙe sifana. Daga nan ya tashi ya yaye wani tamfol a ƙuryar gareji, ga BSA na Ingila, babu taya, babu kujera, amma injin fes. Ya nuna mini abin da ban taɓa sani ba: tsofaffin baburan Ingila giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu, akasin na Japan da muka saba. Ya ce yara da yawa sun sha ƙasa a kansa, sun taka giya suna zaton birki ne.

Sai ya fito da Roadmaster ɗin. Baƙi, silinda biyu, salansa biyu, giya huɗu, sarƙarsa a rufe cikin gidanta yadda ƙura ba ta samunta. Ya buɗe mai, ya ja cok, ya buga kik sau ɗaya. Wallahi da na ji wannan ƙarar sai na ga kaina a ƙofar gidanmu da yamma, muna jiyo ta tun daga bakin titi mu ruga mu buɗe ƙyauren zaure. Ƙara ce mai nauyi, a natse, ba irin kururuwar baburan yanzu ba. Idona ya ciko, dattijon ya juya ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma har na natsu.

Da na ce nawa, sai ya ce, "Me za ka yi da shi?" Na ce hawa zan yi, Baba, ranar Juma'a da ranakun hutu. Ya ce to, don bara wani ya zo daga Abuja da kuɗi masu kauri, wai zai kafe shi a cikin gidan abinci mutane su riƙa ɗaukar hoto, ya ce masa ba na sayarwa ba ne. A ganinsa injin da aka daina tayarwa ya mutu, ko da kuwa kullum ana goge shi. Ya yanka miliyan ɗaya da dubu 200. Na ce dubu 700. Ya ce albarka, ya mayar da babur ɗin ciki, ya ce in je in kwana in dawo. Ban ji haushi ba. Ciniki irin na da ke nan, babu rantse-rantse, babu "wani ma ya taya yanzu-yanzu". Washegari muka daidaita a kan dubu 950, kuɗin da ko sabon Boxer ba zai saya maka ba a yau. Bayan na biya ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin biskit, a ciki akwai takardun babur ɗin tun na mai shi na farko, da ringi sabo a takardarsa, da kebul na kuloci guda biyu. Ya ce waɗannan kyauta ne.

Abin da ya fi kuɗin daraja a wurina shi ne karatun da ya yi mini a kan kafireta. Ya ce iskar Jos ba ta kai ta Kano kauri ba saboda tudu, don haka babur ɗin da aka saita a ƙasa in ya hau nan sai mai ya rinjayi iska, filogi ya yi baƙi, inji ya riƙa shaƙewa. Wanda aka saita a Jos kuwa in ya sauka Kano iska ce za ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi, in aka yi sakaci fistan ya ƙone. Ya kwance filogi ya nuna mini kalar da ake so, ruwan ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa. Shekara nawa ina kai abin hawa wajen gyara a Kano, ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani haka ba. Yawancin yaranmu yanzu canji suka iya. Abu ya ƙi, a cire a jefar a sa sabo ɗan China, bayan wata uku ka dawo. Ba na ɗora musu laifin duka, don mai acaba ba shi da lokacin jira, kuma kayan ma ba a yi su don a gyara ba. Amma abin yana damuna, domin ranar da irin su Baba suka ƙare ban san wa zai kalli filogi ya gaya maka ciwon inji ba.

Ina zaune a garejin, sai wani abokin Baba ya iso da Peugeot 504, Fijo dai tamu, fara sol, mai giya a jikin sitiyari. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya ce da bashin mota ya saye ta sabuwa, haɗin Kaduna, kuma shi kaɗai ya taɓa tuƙa ta. Da ya ji daga Kano na zo saboda tsohon babur sai ya ce, "Malam, shigo in zaga da kai." Muka nufi Rayfield, ta gefen tafkunan nan da haƙar kuza ta bari, ruwa kore shar a tsakiyar jar ƙasa. Duk ramin da muka faɗa motar sai ta haɗiye shi, ko kofin shayi ka riƙe ba zai zube ba. Alhaji ya san tarihin motarsa kamar sunayen 'ya'yansa. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na Kenya, wanda ake yi cikin taɓo da duwatsu da ƙura na dubban kilomita. Ta sake ci a 1978. Ya ce wannan shi ne tsere, a ga motar da za ta jure da direban da ya san hanya, kamar wanda ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. Na ba shi labarin yaranmu masu juya mota a kan kwalta ranar ɗaurin aure har taya ta yi hayaƙi, mutane na tsaye a gefe babu shinge. Ya girgiza kai. Ni ma ra'ayina ke nan: ina son gudu, ina son ƙarar inji, amma a samar wa yaran nan fili da ƙa'ida da hular kwano, a raba su da titin da 'ya'yan mutane ke tsallakawa.

Na ba shi kuɗin mai, ya ƙi karɓa, har ya nuna ransa ya ɓaci. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mini kwandon tumatir da kabeji a Farar Gada. Kayan lambu a can arha suke, abin da za ka saya a 'Yankaba da ciwon kai a nan rabinsa ne. Kuɗin Keke Napep kuwa ya fi namu tsada, ga shi an hana acaba a cikin Jos da Bukuru tun 2012, shekara guda kafin a hana a Kano. Shayi ma sun fi mu tsada, amma suna cika kofi.

Rana ta uku na leƙa gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952, na ga kan jirgin ƙasan nan ƙarami na layin da ya taso daga Zariya zuwa Bukuru saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Ban daɗe ba, hankalina yana kan yadda zan kai babur gida.

A bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da dankali muka ɗaure shi. Mun yi nisa sai wani jami'i a wani shinge ya tsayar da mu, ko amsa sallamata bai yi ba. "Kai, wannan tarkacen na waye? Ina ka sato shi?" Na miƙa masa takardu da rasiɗin ciniki, ya riƙe su a hannu bai duba ba, yana bugun tankin da sandarsa. Wannan bugun ya fi zagin yi mini ciwo. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da tankin, fentinsa na asali ne." Ya ce in na ƙara magana a nan zan kwana. Kusan awa guda muna tsaye a rana, direba yana ta yi mini ido in ba da wani abu, na ƙi, don takarduna cikakku ne. Sai da wani babba a cikinsu ya zo, ya zaga babur ɗin, ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce wansa ma ya taɓa yin irinsa, mu tafi. Tankin ya samu 'yar lotsawa a gefen dama.

Magariba a Tudun Wada, ƙarfe tara muna Kano. Yaran unguwa suka taya ni sauke shi muka shigar zaure. Hajiya ta fito da fitila ta daɗe tana dubansa, ta ce na Malam madubansa zagayayyu ne, waɗannan masu kusurwa ne. Na kira Baba na gaya masa, ya ce zai duba cikin akwatunansa. Gobe in Allah Ya kai mu zan sake saitin kafireta yadda ya nuna mini, sannan in nemi mai gyaran jiki da zai fitar da lotsawar ba tare da ya taɓa fentin ba.