Abin da ban sani ba ranar da na fara koyon aikin injiniya

Ƙannena masu karatun injiniya, kafin ku nemi gurbin koyon aiki na dogon hutu, ku fara sanin hajar kamfanin da za ku shiga. Ɗan kwangila shi ke ɗaura rodi ya zuba kankare. Su kuwa kamfanonin ba da shawara, irin su Arup da aka kafa a Landan a 1946, ko Mott MacDonald, ko AECOM, abin da suke sayarwa zane ne da lissafi, da sa hannun injiniyan da ya ɗauki nauyin cewa ginin zai tsaya. Duk takardar da za ta fita daga ofishin sai wani ya yi ta, wani ya duba, na uku ya amince.

Ni da na shiga irin wannan ofis, a zatona saurin hannu a AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, shi ne gwaninta. Aka ba ni lissafin wani ginshiƙi, na yi shi a Excel cikin ɗoki, na miƙa amsar ƙarshe kawai. Injiniyar da ke kula da ni ta dawo min da takardar cike da jan biro. Daga ina na samo nauyin da na ɗora? Da wace ƙa'idar gini na yi aiki? Wane zane na bi? Amsata ba ta yi nisa da daidai ba, amma babu yadda za ta tabbatar, don haka dole aka sake aikin daga farko. Ku rubuta komai: abin da kuka ɗauka a matsayin zato, ma'aunin kowace lamba, shafin da kuka ciro ta, da kwanan wata. Ku yi lissafin yadda wanda bai taɓa ganinku ba zai bi shi layi-layi bayan shekara goma.

Kuskuren da ya fi yi min ciwo shi ne na kunya. A kusurwar ƙasa ta dama ta zane akwai ɗan akwati mai nuna ko gyara na nawa ne. Ban kula da shi ba. Na yi kwanaki ina aiki a kan tsohon zane, alhali an riga an matsar da ginshiƙin. Tun ranar farko na ga tsawon bai yi daidai da wata takarda ba, na yi shiru don kada a ce ban iya ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma a irin wannan ofis kowace awa ana rubuta ta a kan aikin wani mai biya, saboda haka shirunka asara ce ga mutane da yawa. Ka gwada da kanka tukuna, ka rubuta inda ka maƙale, sannan ka je da tambayoyinka a haɗe maimakon ka riƙa katse mutum kowane minti.

In kuna ganin wannan ƙananan abubuwa ne, ku karanta abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, ranar 17 ga Yulin 1981. A zanen farko, sandar ƙarfe guda ce za ta ratsa ta riƙe gadojin tafiya biyu, ɗaya a saman ɗaya. Aka canza ta zuwa sanduna biyu don sauƙin haɗawa, nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka. Zanen canjin ya wuce ta ofishin injiniyoyi, ba a sake lissafi ba. Gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu, injiniyoyin suka rasa lasisinsu. Har yau idan aka kawo min "ɗan gyara" a zane, sai na koma kan lissafin.

Sai kuma fita fili, wato wurin da ake ginin. Na zauna ina jiran a gayyace ni, har hutun ya kusa ƙarewa. Ku roƙa da bakinku. A can ne za ka ga rodin da ka cunkusa a zane ya hana tsakuwa wucewa, ka ga yadda ake ɗiban kankare a ƙananan akwatuna don a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28. Ka saurari kafinta da mai ɗaurin rodi da kyau, sun san abin da zai ginu da abin da ba zai ginu ba fiye da ɗalibi.

Manyan kamfanoni kan buɗe neman gurbi watanni da dama kafin hutu, don haka ku shirya takardunku da wuri. Kada ku raina ƙaramin ofishi, domin a nan ne sau da yawa ɗalibi ke zama kusa da mai sa hannu. Duk inda kuka samu, ku tambaya tun makon farko: wa zai riƙa duba aikina, kuma yaushe?