Iyakar abin da tarihi zai faɗa a kan tashin Yesu

Duk lokacin Ista sai muhawarar nan ta dawo a Facebook. Wani ɗan'uwa zai rubuta cewa masana tarihi sun tabbatar Yesu ya tashi daga matattu, wani ya amsa masa cewa tatsuniya ce da aka ƙirƙira bayan ɗaruruwan shekaru. Ni Kirista ne, tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma maganganun biyu duk suna damuna, don kowacce ta ɗora wa shaida kayan da ya fi ƙarfinta.

Batun gicciyewa shi ne mafi ƙarfi. Tasitus, marubucin Romawa da ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus, gwamnan Romawa, ya kashe Almasihu a zamanin sarkin Roma Tibariyas. Yosifus, marubucin tarihi Bayahude, ya ambaci Yesu wajen shekara ta 93, ko da yake masu kwafi Kiristoci sun yi wa wurin ƙari daga baya. Shi kansa Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga 26 zuwa 36, an tono dutse mai sunansa a Kaisariya a 1961. A 1968 kuma aka gano ƙasusuwan wani mutum mai suna Yehohanan a wani kabari a Urushalima, ƙusa na nan soke a ƙashin diddigensa, tsininta ya lanƙwashe har aka kasa zare ta. Wannan ƙashi ya nuna cewa wani lokaci akan bar dangi su binne wanda aka gicciye, abin da wasu ke cewa Romawa ba sa yarda da shi.

Wani abokin aikina, malamin addinin Musulunci, yakan karanta mini aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, cewa ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Nakan ce masa: "Malam, Tasitus ba zai raba mu ba. Abin da mutane suka gani kawai yake iya rubutawa, ayar kuwa cewa take abin da suka gani ba shi ne ainihin abin da ya faru ba." Iyakar da ta hana tarihi ƙaryata imaninsa ita ce ta hana shi tabbatar da nawa.

Masu cewa labarin tashin ya zo a makare su ma ba su da gaskiya. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wasiƙarsa ta fari wajen shekara ta 54, kuma a sura 15 ya ce yana miƙa musu abin da shi ma ya karɓa: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sannan ga almajiransa sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500, ga Yakubu. A wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ce ya je Urushalima ya yi kwana 15 a wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu ɗan'uwan Ubangiji Yesu. Ke nan 'yan shekaru kaɗan bayan gicciyewar, mutanen da suka ci abinci tare da Yesu suna cewa sun gan shi a raye. Masana da dama da ba Kiristoci ba sun yarda da wannan.

Amma a nan tarihi yake tsayawa, kuma ina so masu wa'azinmu su riƙa faɗin haka. Bisharar Markus, wadda aka fi ɗauka ita ce ta fari, an rubuta ta wajen shekara ta 70, kuma a tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4 ta ƙare ne a 16:8, matan da suka je kabarin suka tarar babu gawar Yesu sun gudu a tsorace ba su faɗa wa kowa kome ba. Bisharun huɗu ba su zo daidai ba a kan yawan matan, ko wanda suka tarar a wurin, ko a Galili ne ko a Urushalima almajiran suka fara ganinsa. Wannan bai girgiza ni ba, amma ɗalibin da aka ɓoye masa shi, ranar da ya karanta a intanet, zai ɗauka an yaudare shi a kan kome.

Akwai kuma matsalar mu'ujiza kanta. Tasitus ɗin da muke kafa hujja da shi ya ba da labarin cewa sarkin Roma Besbasiyan ya warkar da makaho a Iskandariya da yawun bakinsa, ya ce shaidun gani da ido sun ci gaba da tabbatar da haka. Babu faston da ya yarda da wannan. Aikin masanin tarihi shi ne auna abin da ya fi yiwuwa, matacce ya tashi kuwa abu ne da ma'aunin ba ya ɗauka. Shi ya sa wasu masana ke cewa almajiran wahayi suka gani cikin zafin baƙin ciki, wasu su ce wahayi ba ya bar kabari wofi.

Ni na gaskata ya tashi, kuma mutumin da ya fi riƙe ni a wannan magana Yakubu ne. Bisharar Yahaya ta ce 'yan'uwan Yesu ba su ba da gaskiya gare shi ba yana raye, Markus ya ce danginsa sun zo kama shi don suna ganin ya zautu. Bayan gicciyewa sai ga Yakubu yana jagorantar ikilisiyar Urushalima, har babban firist Ananus ya sa aka jefe shi a shekara ta 62, kamar yadda Yosifus ya rubuta. Na san mutum kan mutu a kan abin da ya gaskata alhali ba haka yake ba. Duk da haka, wanda ya girma a gida ɗaya da kai, ya san tashinka da kwanciyarka, ba shi da sauƙin kiranka Ubangiji bayan ya ji an kashe ka kisan wulaƙanci a bainar jama'a, kuma har yau ban ji bayanin da ya gamsar da ni kamar wanda Bulus ya bayar ba, cewa Yesu ya bayyana ga Yakubu.