Yau dai wutsiyar kyanwar ta fito

Jama'a, ku taya ni murna. Jan buroshi ɗaya, wutsiyar kyanwar da nake zanawa ta taso daga gindi da kaurinta, ta lanƙwasa, ta ƙare siririya, ban sa mata ko ɗigon farin gyara ba. Waɗanda muke tare tun farko sun san tun kafin azumi nake kokawa da layin nan.

Zanen dai shi ne wanda kuka sani, na barkwanci mai gida huɗu, wato hoto huɗu a jere masu ba da labari ɗaya: mai tsire a nan Jidda da kyanwar titi da ta naɗa kanta abokiyar kasuwancinsa. A fensir ba ni da kuka. Sai in zana ta tana shirin dira, kafaɗa a ɗage, ido a kan nama, ina bi da tawada sai ta mutu murus. Layin yana zama daidai inda fensir yake, amma kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ga 'yar rawa a tsakiya inda na riƙe numfashi.

Kayan aiki na fara tuhuma. Na ajiye buroshin roba na sayi na gashin sabul (wata 'yar dabba mai laushin gashi) lamba 2 a kan riyal 95, kuɗin da har yau in na tuna sai na ja tsaki. Takardar Bristol ma, mai kaurin nan ta masu zane, ta ci nata rabon. Ga kuma yanayin garin nan: ka bar takarda a ɗakin da ba esi, ta sha danshin teku, tawada ta riƙa nasowa, ka zauna ƙarƙashin esi, tawadar ta yi kauri kafin ka gama gida ɗaya. Wannan na shawo kansa. Ina tsiyaya kaɗan a murfin kwalba, in ɗiga ruwa, in rufe uwar kwalbar, takarda kuma tana cikin leda sai lokacin aiki. Duk da haka kyanwa ba ta motsa ba.

Sai na koma wajen mutumin da ya jefa ni cikin wannan wahala, Bill Watterson, mai zanen Calvin and Hobbes, zanen barkwanci na jarida a kan wani yaro, Calvin, da 'yar tsanar damisarsa, Hobbes. Ku lura da yadda yake zana damisar nan iri biyu. In yaron ne kaɗai, Hobbes rayayye ne, dogo, jikinsa na zuba, ratsin bayansa kowanne da nasa nauyin. Da wani ya shigo, sai ya koma 'yar tsana a yashe, a sandare. Hannu ɗaya, buroshi ɗaya. To ni kullum ta biyun nake fitarwa, alhali ta farkon nake nema.

Abin da ya faɗa game da aikinsa shi ne fensir kaɗan yake sawa, shi ma a dushe, domin ba ya son shafa tawada ta zama bin sawun fensir kawai. Da buroshin yake yin ainihin zanen, in ya kauce ya rufe da fari. Ni kuwa har gashin baki nake gamawa da fensir, in goge, in gyara, sannan in zo ina lallaɓawa a kai don kada in ɓata abin da na sha wahalarsa. Ina hannu zai saki jiki a haka?

Ragowar kuma Kawu ne ya cike min. Shekara da shekaru yana rubutu da alƙalamin gamba, ya tsaya a kaina yana kallo, can ya ce, "Ɗana, wannan abin ba alƙalami ba ne. Alƙalami fiƙarsa ce ke ba ka kauri da siranta, kai dai ka juya shi. Wannan kuwa ba shi da baki, sai yadda ka danna." Na ce, "To Kawu, yaya zan yi?" Ya ce, "Ɗaga hannunka daga takardar mana, ka kafe shi kamar mai rubuta allo."

Yanzu ga yadda nake yi. Ƙwallo biyu a fensir, kai da ƙugu, da layi ɗaya na ƙashin baya, shi ke nan. In murza bakin buroshi a gefen takarda har ya tsuke. Ƙaramin yatsa kaɗai ke taɓa takarda, jan kuma daga gwiwar hannu yake fitowa, zuwa wajena, takardar nake juyawa ba hannun ba. Ido yana inda layin zai ƙare. Na ɓata takardu ba kaɗan ba, don haka ku yi gwajin a bayan tsohuwar kalanda mai santsi, kada ku ƙona Bristol a banza.

Wani aboki da ya ga zanen ya ce mu buga kyanwar a jikin kofuna da riguna kafin lokacin aikin Hajji. Dariya na yi, don ba ta ma gama koyon tsayuwa ba. Amma maganar ta ƙara min ganin girman Watterson. Zanensa ya fara fita ranar 18 ga Nuwamba 1985, ya kai jaridu sama da 2,400, ya yi shekaru yana ja da kamfanin da ke rarraba shi a kan ba za a yi 'yar tsanar Hobbes ta sayarwa ba. Hujjarsa ita ce, da zarar an ɗora ta a kanta, an yanke wa mai karatu hukuncin ko damisar gaske ce ko ta auduga, kuma wannan shakkar ita ce ran zanen. A 1992 ya sa aka ba shi rabin shafi sukutum ranar Lahadi, wanda edita ba zai yayyanka ba, ya tsara gidajensa yadda ya ga dama. Ranar 31 ga Disamba 1995 ya rufe zanen yana ɗan shekara 37, ana tsaka da son sa. Ni ba wanda ya taɓa miƙo min miliyoyi balle in ce zan ƙi, amma na san mutumin da ya iya haka ba zai ja layin ƙarya ba.

Sabuwar matsala kuma ta ɓullo. Na miƙa wa 'ya'yan Yaya zanen, su da makarantar Larabci suka yi, sai suka fara daga dama. Suka ga kyanwa da tsinken tsire a baki kafin su ga yadda aka yi, dariyar ta tafi a iska. Na sa ƙananan lambobi a kusurwa, sun ɓata min fuskar shafin. Mako mai zuwa zan gwada jera gidajen daga sama zuwa ƙasa, duk da dai hakan zai cinye min takarda guda a kowane zane, kuma biyar suka rage a fakitin.