Yini guda a benen 'yan kallo na Majalisar Dattawa

Gadar da ta haɗa garinmu da babban titi ta karye a tsakiyar damina. Da yake hanyar ta gwamnatin tarayya ce, ƙungiyar cigaban garinmu ta rubuta wa sanatanmu takarda. Ni ne sakatare, don haka da hadiminsa ya bugo waya ya ce an sa maganarmu a jadawalin zaman ranar Laraba, dattawan garinmu suka ce in shirya in tafi Abuja, zuwa da kai ya fi saƙo. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin na san akwai ƙungiyoyi irin tamu barkatai da ke haɗa kuɗin mota su tura wakili, alhali ba su san ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa ba.

Majalisar Dattawa tana zama ne ranakun Talata, Laraba da Alhamis, idan ba hutu take ba. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, ɗaya kuma daga Abuja. Tsarin mulkin 1999 ya ce dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma sai da kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar, wato mutum 37, zama yake halatta. Ginin yana unguwar da fadar shugaban ƙasa da kotun ƙoli suke, kuma tun daga nesa za ka hango koren ƙubbarsa. Shiga sai da takardar izini, sai kuma wanda ya san da zuwanka. Hadimin sanatan, wani matashi mai fara'a, shi ya fito har bakin ƙofa ya shigar da ni, aka bincike ni, muka hau bene.

Kafin mu zauna ya miƙo mini wasu takardu a haɗe, ya ce, "Malam, riƙe wannan da kyau. Duk abin da za a yi yau yana ciki. Abin da ba ya ciki kuwa, sai shugaban majalisa ya yarda za a taɓo shi." Takardar jadawalin aikin ranar ke nan. Kwamitin dokoki da tsare-tsaren majalisa ne ke shirya ta, kuma na lura ma'aikata da 'yan jarida kowa da tasa a hannu yana ja mata layi da biro. Maganar gadarmu tana can ƙasa, bayan jerin ƙudirorin doka. Ya ce mini akwai takardun da suka yi watanni suna jiran su samu wannan gurbin, kuma wani lokaci a sa batu a jadawali amma lokaci ya ƙure kafin a iso kansa, sai a ɗage shi zuwa wata rana. Daga nan gabana ya fara faɗuwa.

Daga bene ana ganin zauren duka. Kujeru ja ne, shimfiɗa ja, shi ya sa ake ce masa jan zaure, na wakilai kuma kore. 'Yan jam'iyya mai rinjaye suna gefe guda, 'yan adawa suna ɗaya gefen, kowa da kujerar da aka ware masa, kuma daga kanta kaɗai yake da damar yin magana. Mata huɗu ne kacal a majalisa ta goma, kuma wannan abu ne da ido ke gani tun kafin a faɗa maka.

Can sai aka yi kira, kowa ya miƙe, har mu 'yan kallo. Dogarin majalisa ya shigo da sandar majalisa a kafaɗarsa, shugaban majalisa da sauran shugabanni suna biye. Aka ɗora sandar a kan tebur, shugaba ya karanta addu'a, aka amince da rahoton zaman jiya, ya buga guduma. Idan babu wannan sandar, babu zama. Na tuna ranar 18 ga Afrilun 2018 da wasu suka kutsa cikin zauren ana tsakiyar aiki suka sunkuce ta, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja. A lokacin labari ne kawai na ji a rediyo. Da na ga yadda manyan mutane, tsofaffin gwamnoni da tsofaffin ministoci, ke rusuna mata idan za su gifta, sai na gane girman abin da aka keta.

Sa'ar farko ta tafi a kan wasiƙu da sanarwa. Shugaba ya karanta wasiƙa daga fadar shugaban ƙasa, aka miƙa ta ga kwamiti. Wasu sanatoci suka ajiye takardun koken jama'a, waɗanda ake tura wa kwamitin ɗa'a da ƙorafe-ƙorafe. Wannan wata ƙofa ce da mutane da yawa ba su sani ba: ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ko al'ummar da aka ƙwace wa fili ba diyya, suna iya rubuta koke ta hannun sanatansu, kwamiti ya kira ɓangarorin biyu ya saurare su. Sai aka shiga karatun farko na ƙudirori. Nan babu muhawara ko kaɗan. Akawun majalisa ya karanta sunan ƙudiri, a buga guduma, a wuce na gaba. Cikin 'yan mintuna aka gama da jeri guda. Tun ranar, idan na ji ɗan siyasa yana alfahari a taro cewa ya gabatar da ƙudirori kaza, nakan tambayi a wane mataki suke, domin karatun farko rajista ce kawai.

Karatu na biyu shi ne mai nama. Wanda ya kawo ƙudirin zai tashi ya bayyana manufarsa, wasu su goyi baya, wasu su soka, sannan a tura shi kwamiti a ba shi 'yan makonni ya dawo da rahoto. Bayan haka akwai sauraron ra'ayin jama'a, da bin sassan ƙudirin ɗaya bayan ɗaya a zaure, da karatu na uku, da amincewar majalisar wakilai mai mutum 360, sannan teburin shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya zartar da dokar ba da shi ba, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Hanya ce doguwa, amma tana gajarcewa idan manya na so. A watan Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki aka gama da ƙudirin komawa tsohon taken ƙasa, aka sa masa hannu ranar 29 ga wata. Wannan saurin ya tsaya mini a rai, domin ya nuna jinkiri a wasu batutuwan zaɓi ne.

Duk wannan muhawarar da Turanci ake yin ta. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a gudanar da aikin majalisa da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara 25 ke nan ana jiran wannan tanadin. Dattawan da suka aiko ni, da su ne a kan benen, da sai dai su kalli hannuwa da fuskoki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin su ne suka yi layi a rana suka zaɓi mutumin da ke magana da sunansu.

Bayan azahar aka iso kanmu. Sanatanmu ya miƙe ya karanta takardarsa: majalisa ta lura gada ta karye, ta san manoma ba sa iya fitar da amfanin gona, ta damu cewa masu naƙuda sai an zagaya da su ta hanya mai nisa kafin su isa asibiti. Da na ji sunan garinmu ya fita daga lasifika a wannan zauren, sai da idona ya ciko. Wani sanata daga kudu ya tashi ya mara masa baya, ya ce shi ma a mazaɓarsa haka abin yake. Wani ya nemi a ƙara buƙatar kai wa mutanenmu kayan agaji. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce e, aka amsa, masu adawa su ce a'a, shiru. Ya buga guduma. Ba a tafa hannu a benen 'yan kallo, don haka na damƙe hulata kawai ina hamdala.

A ofis na samu ganin sanatan na ɗan lokaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. To yaushe za mu sa ran ganin 'yan kwangila?" Ya ce in zauna. Ya ce, "Sakatare, gara in gaya maka gaskiya ka kai wa su Baba. Abin da muka yi yau matsaya ce, kira ne ga ɓangaren zartarwa. Ba ta tilasta wa kowa ya fitar da ko kwabo. Amfaninta shi ne yanzu akwai takarda da sunan majalisa a kai, da ita za mu bi su." Na ji daɗin wannan gaskiyar fiye da alkawari. Sau nawa muka ji a labarai an ce majalisa ta umarci a kawo ƙarshen hare-haren 'yan bindiga a wani yanki, an yi shiru na minti ɗaya don mamata, jama'a su ɗauka an gama? Akwai kwamitin da aikinsa shi ne bin diddigin irin waɗannan matsayoyi, kuma samuwarsa kaɗai ta isa ta nuna cewa da yawansu a takarda suke tsayawa.

Wani abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙuri'ar murya. A maganar gadarmu ba komai, tunda babu mai ja. Amma haka ake yanke manyan al'amura ma, kunnen shugaba ne ma'auni, kuma babu inda za a rubuta wane ya ce e, wane ya ce a'a. Ranar 20 ga Maris ɗin 2025 da murya aka amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, alhali tsarin mulki ya nemi kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar, sanata 73 ke nan. Ta yaya kunne zai ƙirga 73? Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma an taɓa bin ta. A watan Yulin 2021, kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a raba zaure a ƙirga. Aka kira kowa da sunansa ya tashi ya faɗi matsayinsa, aka samu 52 da 28, wasu 28 kuma ba sa nan. Washegari kowa a ƙasar nan ya san inda sanatansa ya tsaya, har da waɗanda suka sulale. A ganina duk wani batu da ya shafi haraji, bashi, zaɓe ko tsaro, haka ya kamata a riƙa yi masa. Wanda na zaɓa ina da haƙƙin in san da wace murya ya amsa.

Ban fito daga wurin ina raina majalisar ba, ko kusa. Zauren nan ne ya binne yunƙurin tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayun 2006 ƙarƙashin Ken Nnamani, bayan an kwashe kwanaki ana muhawara kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen gida na kallonsa. Shi ne kuma, tare da majalisar wakilai, ranar 9 ga Fabrairun 2010 ya mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ke jinya a Saudiyya, ƙasa na neman shiga ruɗani. Sau biyu ya ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, a 2016 da 2017. Ƙarfi akwai shi, kuma ya fi fitowa idan idon jama'a na kansu.

Da yamma hadimin ya zagaya da ni ɓangaren ɗakunan kwamitoci, inda na ga abin da ya fi amfanar ƙungiya irin tamu. Wasu kujerun da na gani babu kowa a zaure, masu su suna nan. A wani ɗaki ana sauraron ra'ayin jama'a kan wani ƙudiri: shugaban kwamiti a tsakiya, jami'an gwamnati a gefe, sai wakilan ƙungiyoyi ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. A zaure ɗan kallo bai da bakin magana, amma a nan ana ba shi makirufo. Ana sanar da irin wannan zama a jaridu, duk mai so ya aika da takardar ra'ayinsa ga akawun kwamitin. Wannan akawun, in ji hadimin, shi ya kamata mu sani, domin sanatoci na zuwa suna tafiya duk bayan shekara huɗu, shi kuwa yana nan da fayil ɗinsa.

Hadimin ya ce kuɗin gada a kasafin kuɗi yake. Shugaban ƙasa na gabatar da kasafin ga zaman haɗin gwiwa a zauren wakilai wajen ƙarshen shekara, daga nan kowace ma'aikata ta zo gaban kwamitinta ta kare abin da ta nema. A wannan ɗan tsakanin ake sa aiki ko a cire shi. Don haka da na koma gida muka ɗauki hotunan gadar, muka samu wani injiniya ɗan garinmu ya rubuta mana bayanin ɓarnar, muka haɗa da kwafin matsayar majalisa da sa hannun hakimi da masu unguwanni. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin sanata, ɗaya ga ɗan majalisar wakilanmu, ɗaya ga akawun kwamitin ayyuka, ɗaya ga ma'aikatar da hanyar ke hannunta, kuma kowane wuri sai da aka buga mana hatimin karɓa. Mun sa matasa biyu masu iya kwamfuta su riƙa duba kundin kasafin da zarar an wallafa shi a intanet, su nemo sunan hanyarmu da adadin da aka rubuta mata. In sun same shi, saura bibiyar sakin kuɗin, wanda shi ma kwamitin yana da ikon kiran jami'ai ya tambaye su a kai, bisa sashe na 88 na tsarin mulki.