Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Lissafin da Yaya ya yi mini a gonar riɗi

Makon jiya na tsaya a inda sakamakon jarrabawarmu ta aji uku ya fito, Baba ya yarda in ci gaba da boko, bisa sharaɗin damina tasa ce, rani nawa. Yau zan ba ku labarin yadda na shekara cur ina tafiya a kan hanyar da ba ta zuwa inda na nufa, ni kuwa ban sani ba.

A watan Satumba na 2012 muka koma makaranta a matsayin 'yan aji huɗu, wato SS1. Ranar Litinin ɗin farko, da aka tashi daga asambuli, wani malami ya tsaya da rijista a hannu ya ce masu son kimiyya su koma dama, masu son Art su koma hagu. Iyakar bayanin da aka yi mana ke nan. Wasu suka bi abokansu, wasu tsoron lissafi ya kora su hagu, wasu kuma suka yi dama don sun ji ana cewa can ne ajin masu ƙwaƙwalwa. Har yau in na tuna safiyar nan raina yakan ɓaci, domin yara ne 'yan shekara goma sha biyar, sha shida, aka bar su su yanke wa kansu hukuncin da zai bi su har tsufa, cikin abin da bai kai minti biyar ba.

Ni dai na san abin da nake so. Waɗanda suka karanta kashi na shida za su tuna shari'ar gonar gadonmu, ranar da aka karanta wa Baba takarda da Turanci ya dangwala yatsa, daga baya ya gane abin da ya dangwala wa. Tun ranar na ƙudurta zama lauya. Don haka na yi hagu da ƙarfin gwiwa, tunda kowa ya ce lauyoyi daga Art suke fitowa.

Muna yin Turanci, Lissafi, Gwamnati, Tattalin Arziki, Addinin Musulunci, Hausa da Aikin Gona. A jadawalin da ke manne jikin allo akwai wani darasi, Adabin Turanci, wanda muke kira litirecha. Malaminsa an yi masa canjin wurin aiki tun kafin mu zo, ba a kawo wani ba. Lokacinsa ya zama na hira da ƙwallon leda a bayan aji. Kafin zango na biyu ya ƙare, monita ya sake rubuta jadawalin babu shi, ba wanda ya tambaya.

Sai ga yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ƙungiyar ASUU ta fara a farkon watan Yuli. Ga ɗaliban jami'a masifa ce, amma ni a cikinsa Allah ya ɓoye mini alheri. Yaya, ɗan wan Baba, yana aji uku a Jami'ar Bayero ta Kano. Zaman jira ya ishe shi a birni, ya tattaro ya dawo gida, ya shiga aikin gona tare da mu.

Wata ranar Asabar cikin Oktoba muna yankan riɗi. Wanda bai saba ba zai ɗauka aiki ne mai sauƙi. Sai ka yanka da lauje tun kwanson bai fara tsagewa ba, ka ɗaure dami-dami, ka jingina su tsaye kai sama su bushe, in ka makara rabin amfaninka ya zube a ƙasa tururuwa su kwashe. Da rana ta take muka fake a gindin wata tsamiya, Inna ta aiko da fura a ƙwarya. Yaya ya sha, ya goge baki, ya dube ni.

"Kai Auta, in ka gama me za ka karanta?"

Na ce, "Lauya, Yaya, in Allah ya yarda."

"Madalla. Waɗanne littattafai kuke yi a litirecha?"

Na ce ai ba ma yi, ba mu da malami.

Ya ajiye ludayin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun shigarmu aji huɗu. Ya yi salati a hankali. Ya ce, "Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Matso nan."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya karyo karan riɗi, ya ja layi ɗaya can nesa da ni. Ya ce wannan ita ce ƙofar jami'a, kuma daga nan za mu faro lissafi mu dawo baya, domin wanda bai san ranar kasuwa ba bai san ranar da zai kama hanya ba. Kafin a buɗe maka ƙofar nan, in ji shi, akwai tantancewar da ita jami'ar take yi da kanta bayan JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a. Ya ja layi na biyu. Kafin ita akwai JAMB ɗin, darussa huɗu, kowanne maki ɗari, jimla 400. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa ba kai ke zaɓa yadda ka ga dama ba, kwas ɗin da kake nema shi ke zaɓa maka. Mai son likitanci Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a kuwa, a mafi yawan jami'o'i, sai da litirecha.

Ya ja layi na uku, ya ce nan WAEC da NECO suke, wato jarrabawar fita sakandare. Kiredit biyar ake nema, da Turanci da Lissafi a ciki, kuma a zama ɗaya ko biyu, ba a haɗa uku. Ya bayyana mini abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba: daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 sunansu ci amma ba sa shigar da mutum jami'a, F9 kuwa faɗuwa ce. Mu a ƙauye muna jin an ce wane ya ci takarda tara sai mu yi ta murna, ashe in babu darasin da kwas ɗinka ke buƙata a cikin taran, kamar ka je rijiya da tulu tara ne ba guga.

Layi na huɗu ya ja shi dab da gwiwata. Ya ce wannan kwalifayin ce, wadda za ku yi a ƙarshen aji biyar, wanda ya ci gwamnatin jiha ta biya masa kuɗin jarrabawar fita, wanda ya faɗi ya koma wuyan ubansa. Sannan ya soka karan a bayana, ya ce, "Layin da ya riga su duka kuma ga shi can, ka riga ka wuce shi bara, ranar da aka ce ku yi dama ko hagu. Tun ran gini ran zane."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, in da yajin aikin nan bai dawo da Yaya gida ba, sai ranar da na je cike fom, Baba ya riga ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗi, sannan zan ji wannan magana. Na san mutum biyu a garinmu da suka gama sakandare suka zauna, ana cewa ba su da sa'a. A ranar na fara zargin ba sa'a ce ta gaza musu ba.

Yaya ya dafa kafaɗata ya ce kuka bai kama ni ba tukuna, akwai shekara ɗaya da rabi a gaba. Da dare bayan sallar isha ya ɗauko wani tsohon littafin JAMB mai kauri daga akwatinsa, gefensa duk ya naɗe, muka zauna da fitilar a-ci-balbal. Ya nuna mini yadda ake duba kowane kwas da abin da kowace jami'a ke nema. Ya ce karatun shari'a shekara biyar ne, sannan shekara guda a Makarantar Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Ya ce kada in kafe a kan ƙofa ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 ba ta buɗe sashen shari'a ba a lokacin, amma tana da kimiyyar siyasa. Ga sabuwar jami'ar jiha da ake shirin buɗewa a Kafin Hausa. Ga Kwalejin Ilimi ta Gumel a kusa da mu. Ga kuma jarrabawar share fage ta IJMB, ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke shigar da mutum aji biyu kai tsaye. Ya kuma gaya mini cewa a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko, kuma Jigawa na cikin su. "Kujerarka tana nan," in ji shi, "amma ba a ba wanda takardunsa ba su cika ba."

Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ya fi tsorata ni. Ya ce a shekarar nan JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta, kuma ta ce daga 2015 ba sauran takarda da fensir. Shekarar tamu ke nan. Ni kuwa ban taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Ya yago takarda biyu daga tsakiyar littafina, ya sa ni na rubuta da hannuna: zango-zango, abin da zan gama karantawa, watan da za a yi kowace jarrabawa, da kuɗin da za a nema kafin ta. Na soke ta da ƙusa a bayan ƙyauren ɗakinmu.

Da safe muka sami Baba a zaure. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai sa Turanci ko ɗaya ba. Baba ya saurara yana jan carbi. Da ya gama sai ya ce, "Wato shi ma bokon da lokacin shukarsa." Ya tambayi wata nawa ya rage kafin kuɗin farko. Aka gaya masa. Ya ce in an kakkaɓe riɗi, buhu ɗaya ba zai je Maigatari ranar Alhamis ba, a ajiye shi a ɗakin Inna har farashi ya ɗaga. Inna da ke jin mu ta bayan zana ta ce akuyarta mai ciki ma ta shiga lissafin.

Saura malami. Ranar Litinin na tari malaminmu na Turanci a bakin ofis, gabana na faɗuwa. Na ce, "Malam, Allah gafarta, alfarma nake roƙo." Ya ji ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya ce ya karanci adabi a kwaleji, zai iya koyar da mu ranar Asabar ba tare da ko sisi ba, amma da sharaɗi biyu: in haɗa aƙalla mutum biyar har da ni, don ya sami bakin magana a wurin shugaban makaranta a sa darasin cikin rijistarmu, kuma mu nemo littattafan da kanmu. Ya ƙara da cewa WAEC na sauya littattafan adabi duk shekara biyar, kuma waɗanda ake kai a lokacin daga 2011 zuwa 2015 ne. Wato mu ne zubin ƙarshe. Wanda ya faɗi, in zai sake, sai ya faro sababbin littattafai daga tushe.

Mako uku na yi ina bin 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, ina zana musu layukan Yaya a ƙasa. Wasu suka yi mini dariya, wasu suka ce Turancin da muke fama da shi ma bai ishe mu ba. Na sami uku, da ni huɗu. Na biyar ɗin bai samu ba har aka shiga Disamba, aka janye yajin aiki, Yaya ya fara haɗa kayansa. Daren da zai tafi Inna ta kira shi ɗaki, ta kwance bakin zanenta ta ƙirga masa kuɗin ƙuli-ƙulin da ta tara, ta ce ya sayo wa Auta littattafan nan a Kano, ko da tsofaffi ne.

Yadda littattafan suka iso, da wanda ya zama na biyar ɗinmu, mutumin da ban taɓa kawowa a raina ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.